Idon Aro

A Rafindaɗi na saye ta,
hannun autan marigayi Nalado mai hoto.
Na taya dubu sha takwas, ya ce albarka.
Na ƙara biyu, ya naɗe min ita a tsohuwar jarida.

Nauyi kamar dutsen guga.
Sai dai kyamarar makauniya ce:
inda ido yake, rami,
har gizo ya yi saƙa.

Mai gyaran agogo a Ƙofar Ƙaura
ya zazzage idanu uku daga gwangwanin madara.
Na farko ya yi mata yawa.
Na biyu ya shiga rabi ya cije
kamar zoben aro.
Na uku ya hau, amma yana ta rufe shi.

Sati bakwai ina yawo,
ashe idon bai bar gida ba:
da shi Tasalla, matar Nalado,
take ganin kafar allura.

Ta ce ba na sayarwa ba ne.
In zo Juma'a in ara,
in ɗauke ta a bakin zauren
da ya ɗauki kowa, ban da ita.

Na murɗa, ya ce ƙas.
Ta gyara mayafi.