Tawada a Tanggula

Ni ce mai share tarago na bakwai.
Ni ke cika tukunyar ruwan zafi, ni ke kwashe kwanukan taliya,
ni ke nuna wa fasinja bakin bututun iska
idan ƙirji ya fara yi masa gardama.

A Xining ya hau, da la'asar sakaliya.
Tsoho ne, ba ɗa, ba jika, ba ɗan rakiya,
rigar fatar tunkiya, kafaɗa ɗaya a waje,
da gwangwanin man shanu ƙulle cikin tsumma.
Gonpo Kyab, in ji takardarsa,
wadda ya yi wata huɗu yana jiran a buga mata hatimi.
Ya nuna mini ita ban tambaya ba.
Ya nuna wa ɗan sandan jirgi,
ya nuna wa yarinyar da ke ɓare gyaɗa a gefensa,
sannan ya ninke ta huɗu, ya tura aljihun ƙirji
tare da biron da na ara masa ya cike takardar lafiya.

"Man na matata ne," ya ce.
"Ita ta kaɗa shi kafin sanyi ya sauko.
Da tare za mu je Lhasa mu kunna fitila.
Izini ya zo. Ita ce ba ta jira ba."

Golmud, tsakar dare, aka sauya kan jirgi.
Daga nan ƙasa ta yi ta tashi ba sallama.
Gari ya waye mana a fili marar itace ko guda,
bareyi tsaye can nesa kamar an dasa su,
kogi ya daskare da bakinsa a buɗe.
Hira ta mutu. Kowa na dafe da goshi.

A Tanggula, inda dogo ya fi kusa da sama,
duk abin da ke rufe yana neman fita:
ledar biskit ta kumbura ta fashe,
man goge baki ya tsarto da kansa,
wani ƙato ya kama kuka bai san dalili ba.
Shekara shida ina bin hanyar nan. Na sani sarai.
Zancen biron ne na manta ban faɗa masa ba.

Shuɗi ya tsiro a ƙirjinsa.
Ya zaro takardar da yatsu biyu.
Suna yana nan. Hoto yana nan. Hatimi, rabi.
Kwanan wata kuwa ya nutse.
Sai ya shiga hura mata iska,
shi da tasa ba ta ishe shi ba.

Na kawo gishiri, na kawo tsumma,
sai ka ce miya ce ta zuba.
Shugabanmu Liang ya duba, ya taɓe baki:
"Namu tikiti ne. Wannan na masu ƙofa ne."

Bayan Nagchu tsohon ya kwance gwangwaninsa,
ya yanko curi kamar ƙwan agwagwa,
ya naɗe a takardar biskit ɗin da ta fashe.
"Ke kullum kina shiga, 'yata.
In sun mayar da ni, kada ya koma duka."
Ban iya gaya masa ba
iyakata ɗakin kwanan ma'aikata, bayan tasha.

A Lhasa na hango shi ta taga,
a layin masu takarda, na goma sha wani abu,
ya riƙe ta hannu bibbiyu kamar ƙwarya cike da nono.
Zannuwan gado sittin na jirana.
Da na sake ɗaga kai, layin ya zama na wasu.

Washegari muka juyo. Ba ya cikin na bakwai.
Amma jirgin nan tarago goma sha biyar ne,
kuma ban bi sauran na duba ba.

Man yana cikin akwatina, ƙarƙashin rigar aiki.
Sau tara ke nan yana haye Tanggula da ni.
Ya fara ɗan wari.
Ranar hutuna ta faɗo Laraba mai zuwa, a can,
na tambayi mai sayar da shayi a tasha
motar da ke zuwa haikalin: lamba nawa, kuma nawa ake biya.