Mai Kala

Bayan tashar Tawa, a shagon Arzika,
akwai allo huɗu, da fanka mai ciwon wuya,
da benci wanda ya san nauyin kowa.
Dala ashirin, minti goma sha biyar.
In kuran ya ɗauke, Arzika ba ya mai da canji.

Dokar wasan ba ta da tsawo:
harbi kaɗai ba ya shiga lissafi.
Wanda ka kayar zai bar 'yar lamba a ƙasa,
tana juyi, tana ƙyalli kamar murfin lemo,
sai ka je ka tako ta a rubuta maka.
In nasu suka riga ka,
harsashinka ya sha iska.

Nomau gwanin saiti ne.
Yakan hau bene ya laɓe, ya kashe ido ɗaya,
ya zubar da bakwai,
amma girman kai ba ya barin shi ya sauko.
Tankari da ihu yake shiga, kamar ɗan kokawa ya ji kalangu,
ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa.

Ni hannuna rawa yake.
Sai in bi gindin bango, in ratsa hayaƙi,
ina tsince abin da maza suka zubar.
Suka sa mini suna Mai Kala.
Ban ji haushi ba.
Da kalar wake kakata ta ciyar da mu a Badagishiri,
tana duƙe a bayan masu girbi
har bayanta ya manta miƙewa.

Ja ta abokan gaba ce, ita ke kawo maki.
Shuɗiya tamu ce.
Kullum shuɗiyar nake fara nufa.
Nomau ya buga cinya: "Kai, ja! Ga ja can a gabanka!"
Ba na amsa shi.

Shekara uku ke nan da yayana Illa ya hau mota
ya bi ta Agadas.
Bara wani direba ya yi sallama bayan la'asar,
ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa,
ya miƙo katin shaida a cikin leda,
rana ta cinye rabin hoton.
Bai san wanda ya tsinto shi ba,
hannu ne ya ba hannu.
Amma dai wani ya sauko daga mota
a inda ba a tsayawa,
ya taka yashi mai ƙuna,
ya duƙa.

Inna ta ajiye shi a langa, ƙarƙashin zannuwa.

Jiya saura daƙiƙa tara, muna kunnen doki,
Tankari ya faɗi a tsakar fili,
lambarsa na juyi ita kaɗai.
Na fito a guje, harbi ta ko'ina,
saura taku biyu,
kuran ya ɗauke.

Fanka ta ƙarasa juyinta.
Wani ya yi tsaki, wani ya kunna fitilar waya.
Ni kuwa a cikin duhun
babban yatsana bai daina turawa gaba ba.