Kunnen Hagu

A Illela, bakwai da rabi na safe,
nakan goge tebur da gefen hannu,
in jera tambari, biro, da fitilar nan mai shuɗin haske.
Motocin albasa sun yi layi tun asuba,
warinsu ya riga direbobinsu shigowa ofis.

Shekara goma sha tara ina karatun fuskoki.
Wanda ya koya mini aikin, Marafa, Allah ya jiƙansa,
cewa yake: takarda ba ta jin kunya,
kai za ka ji mata.
Kada ka fara da ido, ido yana aron hawaye.
Gemu ya fito, kumatu su zube,
kunne kaɗai ba ya sauya gida.

Ranar Laraba wani saurayi ya miƙo kati
da hannu biyu, kamar mai miƙa ƙwarya cike da nono.
Na karkata shi wajen taga,
hatimin ya yi wal, ya sauya launi yadda ya kamata.
Na bi gefensa da farce, babu inda aka ɓare aka liƙe.
Na sa shi ƙarƙashin fitila,
zaren da ke ɓoye ya tashi ya gaishe ni.
Lambobi sun zauna daram a sahunsu.
Sunan da rubutun Faransa, Chaibou,
mu nan da Shu'aibu muka san shi.
Garin haihuwa Dogarawa.
Kati dai na gaskiya ne, ko alƙali ya gani ya sa hannu.

Na ce, juya ka dubi ƙofa.
Ya juya.

Kunnen da ke hoto a manne yake da wuya.
Na gabana yana da leɓe, sakakke,
har da tsohon tabo a samansa.
Hanci ɗaya, goshi ɗaya,
tsatso ɗaya ne, babu ko tantama,
amma mutum biyu.

Na kira sunan da ke kati, a hankali.
Sai da ya haɗiye miyau kafin ya amsa,
kamar wanda aka kira daga ɗakin wani.

Na ce, yaro, wa ad da katin ga?

Fanka tana juyi. Wani direba yana ta oda a waje.

Ya ce, na yayana ne.
Da damina ruwa ya ci shi a hanyar Tawa.
Ni Hamisu nike, nawa bai fito ba, wata biyar ina bi.
Inna tana kwance asibiti Sakkwato,
an ce in zo yau, kada in bari sai gobe.

Doka ba ta da layin da aka rubuta inna.
Na duba, na daɗe da dubawa.
Na buɗe babban littafi, na sa kwanan wata,
na rubuta abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba.
Na ce ya koma Ƙonni, na faɗa masa ƙofar da zai buga,
da sunan wanda zai nema, ko a samu takardar wucewa kafin la'asar.
Kati kuwa ya zama na durowa.

Bai roƙi in bar shi ya wuce ba.
Cewa ya yi, ranka shi daɗe,
ba mu da wani hoto nashi sai wanga.

Na ɗora katin a kan farar takarda,
na matsa da kujerata don kada inuwata ta faɗa kai.
Ya ɗauka da wayarsa mai tsagaggen gilashi,
sau uku, hannunsa na rawa,
na huɗun ni na ɗaukar masa.

Har yau ban san ko ya tarar da ita ba.
Durowa ta uku, ɓangaren hagu,
Shu'aibu yana nan cikin roba da sauran,
yana kallon katako.

Na ɗaga kai na ce, na gaba.
Wata tsohuwa ta fara kwance bakin zane.