Masaukin Daƙiƙa Uku

Ƙarfe biyun dare a Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gaɓa,
ni da shayin da ya gaji da jirana ya huce
muna nema wa fayil ɗaya wurin kwana.

Ba gida yake nema ba, balle gado.
Sunan majinyaci ne da lambar kwalbar jini,
ya tsuguna daƙiƙa uku kafin injin bugu ya karɓe shi,
a share gurbinsa kamar bai taɓa zuwa ba.
Baƙo raɓa ne, haka ake cewa.
To, ko raɓar ma sai ta sami ciyawar sauka.

A Mac ɗina lafiya lau.
Ta kai shi wani lungu mai suna kamar atishawa,
haruffa birjik, ban leƙa ba, ban tambaya ba.
Na kakkaɓe hannu na ce an gama.

Da safe sai ga kiran Tõnis daga ɗakin gwaji:
"Leelo, abin naki ya ƙi."
Windows ce tasa, tsohuwa mai tari,
kowa da ɗakin ajiyarsa a ƙarƙashin sunansa,
sunan Tõnis kuwa da 'yar igiya a kan harafi na biyu.
Igiyar nan, da ba ta kai gashin gira ba,
ita ta harɗe ƙafar manhajata ta kifa.
Kwalabe arba'in a layi, goshinsu ba takarda,
yana rubutawa da hannu
yana kiran sunana, ba da alheri ba.

Saura Linux ta ƙasan bene.
Na ce nan kam na san gari,
/tmp ai rumfar tasha ce, kowa ya zo ya zauna.
Ashe Endel ya garƙame ta tun bazara,
ranar da wani ya jibge shara har injin ya shaƙe.
Ƙofar tana nan. Ta taga kana ganin komai.

Na tambayi na'ura, akwai izini? Ta ce akwai.
Na sunkuya zan ajiye, ta ce wa ya ce?

Tun daga nan na bar tambaya.
Yanzu zuwa nake da ƙafata.
In fara da inda mai gida ya nuna, in ya nuna,
TMPDIR, sai TEMP, sai TMP,
sai ƙofofin da kowa ya sani,
in duk sun ƙi, nan inda nake tsaye.
Kowace ƙofa in jefa mata tsakuwa,
ɗan fayil mai sunan da ɓarawo ba zai canka ba,
in rubuta haruffa huɗu, in goge.
Wadda ta karɓa, ita ce gida.
In ba wadda ta karɓa, in faɗa da babbar murya,
in lissafa ƙofofin ɗaya bayan ɗaya,
kada wani Tõnis ya wuni yana zargin kansa.

A falon Piret nake rubuta wannan.
Sati uku ke nan da sanyi ya fasa bututun gidana,
jakata biyu a bayan kujerarta.
Mutum huɗu sun ce min, "Ki zo kowane lokaci."
Na je wa uku.
Piret ba ta ce komai ba,
littattafai kawai ta kwashe daga kanta guda
ta miƙo min mabuɗi mai jan zare.

Uku da kwata na tura gyaran.
Bakwai saura Tõnis ya aiko hoto:
kwalba ɗaya, takarda a karkace, suna ya fita tas.
Bai ce na gode ba.

Na ninke bargo, na wanke kofi,
na mayar da shi inda na same shi.