Soket Mai Baki Takwas

A Narin, inda hanya ke hawa duwatsu
kafin ta gangara ƙasar Sin,
nan garejin babana Ulanbek yake.
Ni ce mai riƙe masa fitila.

Akwai wata ƙusa a bango,
shekara goma sha ɗaya ba a rataya mata komai ba.
Wurin soket ne mai baki takwas,
faɗinsa kamar kwanon shayi, leɓensa siriri
don ya kutsa cikin cibiyar taya
ya rungumi babban notin nan
da ke hana boris fita yawo.
Wani direba ya are shi ranar wata Laraba,
ya ce jibi.
Har yau jibin bai yi ba.

Tun daga nan, in tirela ta zo tana ɗingishi
sai kurfi da guduma.
Baba ya tsani aikin.
"Duk notin da ka sara," in ji shi,
"yana riƙe da kai a zuci,
a kan gangara zai rama."

Daren jiya, ƙanƙara har gwiwa,
aka jawo wata mai lodin kwal,
ƙafar baya na hayaƙi, giris ya ƙone ƙurmus.
Direban yaro ne, Mirlan, gemu bai gama tsirowa ba,
yana ta hura tafin hannu.
Muka ɗaga ta da jak, muka zare sandar aksul.
Ga noti can ciki, baƙi ƙirin, ya cije.
Baba ya yi tsaki, ya kai hannu ga kurfi.

Yaron ya ce, "Dakata.
Akwai wani ƙarfe a akwatin mahaifina,
ban san aikinsa ba,
tamfol nake dannewa da shi."

Baba ya juya shi a hasken fitila.
Ɗigo uku a gindi, bugun kakana Asanali.
Na buɗe baki, ya taka min ƙafa.
"Ina mahaifin naka?"
"Bara ya rasu. Kullum yana cewa
akwai bashin da bai kai ba a wannan hanya,
ciwo ya hana shi tuƙi."

Soket ya hau noti daram, babu ko girgiza.
Aka zura bututu mai tsawon mutum,
mu uku muka rataya a kai.
Ƙara ɗaya, irin ta ƙanƙarar kogi in ta tsage,
noti ya saki.
Tsohon boris ya zubo a tafin Baba kamar tsakuwa.

Da aka sa sabo, hannun yaron ya kama
ya ɗora a kan bututun.
"Ɗaure. Ƙara. Juya tayar ka saurara.
To, sassauta kaɗan,
shi ma boris yana son numfashi."

Asuba ta yi, injin ya tashi.
Baba ya karɓi kuɗin boris har da canji,
bai rage ko kwabo ba.
Ya goge soket da tsumma, ya daɗe yana gogewa,
ya mayar cikin akwatin yaron.
"Kada ka ƙara danne tamfol da shi."

Na tsaya da fitilar da ba a bukata kuma,
ina kallon jan wutar bayanta tana hawa dutse.
Da na shigo, ya rataye hularsa a ƙusar
yana tambaya ko akwai sauran shayi.