Bar-shi

Illa ne ya raɗa masa suna Bar-shi
kafin ya hau motar Abijan.
Yanzu in na daka tsawa, "Bar shi!"
sai kwikwiyon ya sheƙo, bindi na rawa,
da guntun fata a baki.

Ya tsinke wayar caja.
Ya yi wa tabarmar kaba giɓi.
Takalmin da na sayo kasuwar Tawa, jikka uku,
ko masallaci bai taka ba.

Na shafa barkono, ya yi atishawa, ya koma.
Na ɗaure shi gindin bedi, ya ci igiyar.
Tankari mahauci ya ce, "Haƙori ke ƙaiƙayi.
Ba shi ƙashin sa, ka rataye kayanka."
Gidana ya koma shago,
komai na lilo a ƙusa.

Haɓsu ce ta lura:
"Cajar ta wa ce? Wa ke kwana bisa tabarmar?
Takalmin ma, wa ya gwada shi daren tafiya?"

Na ɗauko tsohuwar rigar yaron,
na shimfiɗa kusa da ƙashin.
Bai tauna ba.
Ya ɗora haɓa a kai, ya yi barci.

Ni ne na kasa.