Layi a Tsakiyar Takarda

Daren ashirin ga wata, a Rigasa,
wuta ta tafi tun la'asar.
Lantana ta haska fitilar waya,
ta yago takarda daga tsohon littafin lissafin Nafi,
ta ja layi ɗaya daga sama har ƙasa.
Ta ce, "Dama, dole. Hagu, marmari.
Zauna, Malam, yau aljihu za mu yi wa shari'a."

Masara ba ta jira an kira ta ba,
ta wuce dama da ƙafarta.
Gishiri ya bi ta, da manja, da gawayi,
kuɗin haya, kuɗin makaranta,
maganin hawan jinin Inna,
jarka huɗu ta mai ruwa kowace safiya.
Babu wanda ya yi musu.
Ciki ba ya karɓar uzuri.

Sai muka zo kan ankon bikin 'yar Kande.
Na yi gyaran murya.
Ta riƙe biro a sama kamar mai awon gwal.
"In ban sa ba, za a ce..."
"Wa zai ce?"
"Mutane."
"Su za su auno mana shinkafa ranar talatin?"
Ta yi shiru. Ta tuna atamfa shida a akwati,
kowacce sau ɗaya ta ga rana.
Ta rubuta a hagu
har biro ya huda takardar.

Na yi dariya.
Ashe bashi na ci.

"To, tsiren bakin tasha fa?"
Na ce wane tsire?
"Wanda yajinsa ke rako ka gida a gemu,
Litinin da Alhamis, wani sa'in har Asabar."
Na ce ai mutumin da ya wuni a kan keke,
Rigasa zuwa Bakin Dogo,
Kasuwar Bacci zuwa Kawo...
Ta ce, "Ɗari takwas sau goma sha biyu."
Na lissafa a zuci,
sai ga mudu huɗu na wake
suna ƙonewa a garwashin mai tsire.
Na karɓi biron da hannuna.

Data ta rabu biyu:
wadda masu kawo mata ɗinki ke turo hoto da ita, dama,
wadda nake kallon ƙwallo da ita har tsakar dare, hagu.
Lemon kwalba, hagu.
Zoɓo ya dawo ɗakinsa bayan dogon yaji.
Sukari ya tsaya a kan layin,
ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can,
muka sasanta a cokali guda maimakon uku.

Saura abu ɗaya.
Kwanon tuwon Baba Dogara,
tsohon da ke ɗakin ƙurya,
wanda masaƙar Kakuri ta cinye wa ƙuruciya
sannan ta rufe ƙofa.
Na rage murya, na ce, "Ko mu ɗan..."
Ba ta ko dube ni ba.
Ta rubuta shi a dama,
a ƙarƙashin masara, sama da gishiri.
Ta ce, "Ranar da wannan ya koma marmari,
ba aljihu ne kaɗai ya bushe ba."

Talatin ta zo, ta same mu a tsaye.
Akwai sauran manja a gindin kwalba.
Na wuce shagon Ɗanjuma kaina a sama,
sunana ba ya cikin littafinsa,
har ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ba zan yi ƙarya ba:
har yanzu hayaƙin bakin tasha ya san sunana.
In ya kira, nakan murɗa hannun keke,
in haɗiyi yawu, in wuce.

Takardar tana nan manne a bayan ƙofa.
Jiya na ga an ƙara wani abu da fensir,
can ƙasa, a ɓangaren dama,
da rubutun 'yar aji biyu:
alawa.

Lantana ta gani, ni ma na gani.
Ba wanda ya nemi abin gogewa.